Saniyar Inna da Kitsen da Ya Kusa Kashe Ta

Shekarun baya, lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, ina ajin ƙarshe a karatun lafiyar dabbobi. Binciken da aka ba ni shi ne yadda kitse ke yawo a jinin shanu, daga ɗaukar ciki har zuwa tatsa. Na zo gida, wani ƙauye kusa da Sandamu, da sirinji da kwalabe, ina jin kaina babban likita.

Mahaifiyata tana da saniya guda, jikar wadda kakana, Baffa, ya ba ta ranar aurenta, kuma ita kaɗai ta rage. Da saniyar ta ɗauki ciki sai Inna ta turke ta kamar ragon layya. Dusa, harawa, ƙuli-ƙuli, har ta yi sumul, maƙwabta na zuwa kallo. Ni kuwa da na gan ta, gabana ya faɗi.

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yabona. Ta bakin ƙanwata muke magana, ko muna zaune wuri guda. Da na nemi ɗiban jinin saniyar, sai Inna ta ce wa ƙanwata:

"Ki ce wa wancan, jinin mai ciki ba abin wasan 'yan boko ba ne."

Sai da kawuna ya sa baki ta bari na ɗiba. Sakamakon gwaji ya ƙara mini tsoro. Na durƙusa na ce, "Inna, idan ta haihu, kitsen nan narkewa zai yi ya shiga jini don a yi nono. Hanta ce ke ɗaure shi ƙulli-ƙulli ta tura, ita kuwa hantar saniya ba ta da sauri. In ya yi mata yawa sai ya toshe ta, saniya ta daina ci, ta kwanta. A kwance ta ta bi garke, a rage ƙuli-ƙuli a hankali."

"Oho, so yake a ce na kasa ciyar da dabbar Baffa."

Na koma makaranta rai a ɓace. Ashe washegari da kanta ta kwance igiyar.

Duk da haka, bayan haihuwa saniyar ta juya wa abinci baya, numfashinta na wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Aka aiko mini, na hawo mota. Na sa mata ruwan sukari ta jijiya, Inna na tsaye a kaina. Na yi ta lallashin saniyar da ɗanyar ciyawa kwana da kwanaki. Ranar da na ji ta fara tuƙa, wallahi sai da na ɓuya bayan rumbu na share hawaye.

Na yi aiki a garkunan manyan mutane bayan haka, an yaba mini, amma ban taɓa alfahari da wani aiki kamar wannan ba. Har yau in na ga an turke mai ciki, sai na tsaya na yi surutu, ko ba a tambaye ni ba.

Ranar da zan koma makaranta bayan saniyar ta warke, Inna na kaɗa nono, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa likita, maraƙar da aka haifa tasa ce."