Mazo a Gonar Riɗi

Wanda bai taɓa noman riɗi ba, ba zai gane abin da ya sa nake zama kamar mai taɓin hankali a ƙarshen kaka ba. Riɗi idan an yanke shi, ɗaure shi ake yi dami-dami a jingina a tsaye, a bar shi ya bushe har bakinsa ya buɗe. Daga lokacin nan ko zaninki ne ya goge shi sai kin ji yana zuba. Wanda ya zube a ƙasa kuwa ya tafi ke nan, don babu mai tsince riɗi cikin yashi sai kurciya.

Gonata tana kan hanyar Doma, idan an bar Lafia kaɗan, a bakin wani kurmi. Maigidana ya rasu ya bar mini ita da yara, kuma ita ce rufin asirinmu. Wata shekara samari masu farauta suka biyo zomo da karnuka suka keta ta tsakiyar dammunan. Da na zo na ga abin da suka yi, ban tsaya kuka ba, gidan Sarkin Baka, shugaban mafarauta, na nufa. Na tsaya a ƙofar zaurensa ina faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba, har masu wucewa suka taru. Har gobe ni ce da gaskiya. Daga nan mafarautan yankin suka yi wa kansu doka: gonar da ke da amfani a ciki, ba mai taka ta sai mai ita ya ce a shiga, ko da kuwa abin da aka harba ya faɗi a cikinta.

Da shekara ta zagayo, wata Asabar da hantsi na sauka daga acaba da tampol ɗina a ka, na zo kakkaɓe riɗi. Tun daga nesa na hango mutum tsaye a bakin shingen bini-da-zugu da ya raba gonata da kurmi, bindigar toka a rataye, karnuka biyu a igiya suna ja yana ja. Na jefar da tampol na nufe shi ina gyara ɗaurin zani.

"Kun dawo ke nan? Bara ba ta ishe ku ba?"

Tsoho ne, siriri, ɗan ƙabilar Alago, rigarsa ta jiƙe da zufa har gindin baya. Ya bar ni na zazzage abin da ke cikina tas, sannan ya gaishe ni, ya tambayi yara. Kunya ta ɗan kama ni, na amsa a daƙile.

"'Yata, ke ce mai gona?"

"Ni ce, Baba."

Ya nuna da haɓa. A tsakiyar gonar, a gindin layin dammunan da suka fi bushewa, mazo ne kwance, barewar nan ta kurmi mai ɗigon fari a jiki. Cikinsa na tashi yana sauka. Tsohon ya ce tun sanyin safiya ya harbe shi a bakin rafi, a dajin da ba na kowa ba. Harbin ya sauka a ƙugu, mazon ya ja jiki ya ratsa shinge, ya zo nan ya kwanta.

"Tun safe kana nan tsaye?"

"Ina nan. Na yi ta kira, ba kowa. Na ce mai riɗi ba zai kwana bai zo ba."

Na tambaye shi abin da ya hana shi ɗaure karnukan a bishiya ya shiga. Ya ce yana zaune a zauren Sarkin Baka ranar da na je, da bakinsa ya ce ya yarda da dokar. Sannan ya faɗa mini abin da ya fito da shi daji. 'Yarsa ce ta haihu, ta zubar da jini da yawa, tana kwance a gidansa ko jaririn ba ta iya ɗauka da kyau. Mijinta ba shi da hali, shi tsohon ma akuyar da ta rage masa an yanka ranar suna. Ya yi mata alkawarin naman daji, ta sha romo jikinta ya dawo. Amma sai ya kai wuƙa wuyan mazon yana da sauran rai. Idan ya mutu a kwance haka, ya zama mushe.

Ni ma na yi jego, na san yadda jiri yake ɗaukar mutum daga gado zuwa bayi.

"Haba Baba, to me kake jira? Shiga mana."

"Kin yarda? Idan ya ji ni ya zabura, zai ture miki riɗi."

Na dubi dammunan. Ba zan ɓoye ba, abincin yarana ne a tsaye a wurin. Na ce ya shiga, abin da ya zube Allah ya mayar.

Ya miƙo mini igiyar karnukan. Ni da ko inuwar kare ba na so, ga ni riƙe da biyu, ɗaya yana shinshinar ƙafata ina ta a'uzubillahi. Tsohon ya jingine bindiga a shinge, ya cire takalmansa na taya, ya naɗe rigarsa a ƙugu don kada ta taɓa dami. Bai miƙe kai tsaye ba. Ya bi ta kwarin kunya, ya zagaya ta bayan mazon, a sunkuye, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar mai tsoron tada jariri. Ni kuwa ina daga shinge ina cizon leɓe, ina cewa a raina, Baba yi sauri, riɗin banza, yi sauri.

Ya isa. Ya durƙusa, ya zare wuƙa, ya kama ƙahon. Sai na ga ya tsaya. Ya sa yatsa ya taɓa idon mazon, ya dafa cikinsa, ya jima a haka. Sannan ya mayar da wuƙar cikin kube.

Na ɗaure karnukan a shinge na shiga. Jikin mazon da ɗuminsa, jinin ƙugun ma bai daskare ba.

"Yanzun nan ya mutu fa, Baba. Da idona na ga yana numfashi. Ka yanka kawai, jini zai fito. Wa ya sani?"

"Ni na sani," in ji shi. "Da na same shi a mace da harbina, da ya halatta. Amma da ransa na same shi, na tsaya ina kallo. 'Yata ce za ta ci, ta shayar da jikana."

Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushinsa, na ji haushin samarin bara da suka ja mana wannan.

Ya tambaye ni ko maƙwabcina na gabas, wani Tibi mai gonar doya, yana nan. Na ce yana nan. Ya ce a ba shi, su addininsu bai hana su ba, kada nama ya lalace a banza. Bai ja mazon a ƙasa ba. Ya ciccibe shi ya saɓa a wuya, ya bi sawunsa na shigowa har ya fita, ya sauke shi a bayan shinge. Ya sa takalmansa, ya rataya bindiga, ya kwance karnuka.

"Me za ka ce mata?" na tambaye shi.

"Zan ce ta ƙara haƙuri. Gobe ma zan fito."

Ya yi mini godiya, wai na ba shi izini, ya bi gefen kurmi ya tafi da jakarsa a lanƙwashe. Na juyo na dubi gonata. Riɗina yana tsaye reras, ko dami ɗaya bai karkace ba. Na zauna a kan tampol ɗin na yi ta kuka, ran nan ban kakkaɓe komai ba.