Tukwane Masu Jan Baki

In jami'a ta tafi dogon hutu, maƙwabta kan ce wa Dakta, "To, kin huta." Ita kuwa sai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta wuce, don ba ta da lokacin yin bayani. Matasan ɗalibai ne ke tafiya gida. Suna fita, malaman firamare masu karatun hutu suke shigowa, wasu har da furfura, su cika ajin nan da fanka ɗaya ce ke juyawa a cikinsa, ita ma da gunaguni. Dakta ke koya musu ilimin tsirrai da hantsi. In ta fito, masu digiri na biyu na tsaye a ƙofar ofis, kowa da babinsa a hannu. In ta koma gida kuma ga 'ya'yanta mata biyu, Yaya da Auta, waɗanda suka ɗauka tunda su suna hutu, ita ma tana hutu.

Mijinta, Abban yara, a ɗakin magani na asibiti yake aiki. Yakan ce wa abokansa mace ɗaya ya aura, amma aka haɗo masa da sashe guda na jami'a kyauta.

A bazarar nan ya sa ta yi alkawari. Makon ƙarshe na hutu za su tafi gidan yayarsa su huɗu, can inda akwai tafki da inuwa. Auta ce ta ƙara sharaɗi: kwamfutar Mama ba za ta shiga mota ba.

Cikin ɗalibanta akwai wani da kowa ke kira Malam Dogo. Malamin sakandare ne, ya girme ta da 'yan shekaru, amma ko zama ba ya yi sai ta ce ya zauna. Makarantarsa ta ba shi hutun karatu, an taɓa ƙara masa sau ɗaya, shugaban makarantar kuma ya ce ba ƙari. Ranar da aka koma makaranta, ranar zai koma aji, da digiri ko babu. Aikinsa a kan wake ne. Yana son ya gano irin da ya fi jure ƙishi, don amfanin manoman da ruwan sama ke yanke musu. Sai ya shuka iri-iri a tukwanen roba. Masu shuɗin fenti a baki ana ba su ruwa su ƙoshi. Masu jan baki kuwa, in sun ɗan tasa, sai a rage musu ruwa ƙwarai, kullum da safe a ɗora su a sikeli a ga yadda suke bushewa.

Ana tsakiyar wannan aiki injin ruwan ɗakin shuka na sashensu ya lalace. Dakta ba ta tsaya jiran gyara ba. Ta sa aka kwaso tukwanen zuwa rumfar motar gidanta, mai rufin da haske ke ratsawa.

"Wato motata za ta riƙa yini a rana saboda wake," in ji Abban yara.

"Wake mai ilimi ne," in ji Dakta.

"To Allah ya sa ya tuna da mu in ya zama farfesa."

An ja wa yara kunne kada su taɓa tukwanen, an faɗa wa Abban yara. Inna, mahaifiyar Dakta, ita ce ba a faɗa wa ba, don a lokacin tana gidan ɗanta. Wata rana da azahar ya kawo ta, Dakta na aji. Da yamma aka yi ta murna da gaisuwa da labarin 'yan uwa, zancen wake bai zo bakin kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, Dakta na neman makullin ofis a jaka, ta ji muryar Malam Dogo daga rumfa.

"Dakta, ko za ki ɗan leƙo?"

Yana durƙushe gaban sikeli, ya ninke dogayen ƙafafunsa.

"Masu jan bakin nan nauyi suke ƙarawa. Na ɗauka sikelin ne, na sauya masa batir. Na ɗauka idona ne, na goge tabarau. Amma dubi ganyen."

Ta duba. Ganyen da ya kamata ya langaɓe ya miƙe, kore shar. Ta tura yatsa cikin ƙasar tukunya, ta ciro shi da danshi. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ba inda yake yoyo, ruwan sama ma ba a yi ba.

Sai ga ƙarar takalmin Inna, tana tafe a hankali da carbi a hannu.

"Malam, ina kwana? Kun ga sun farfaɗo ko?"

Dakta ta miƙe. "Inna, me kika yi musu?"

"Me zan yi musu? Ruwa na ba su. Na zo na tarar rabi na sheƙi, rabi sun sunkuyar da kai kamar marayu. Na ce yarinyar nan aiki ya yi mata yawa, ta shayar da wasu ta manta wasu. In na idar da sallar asuba sai in zaga da buta. Ban so in faɗa ba, kada baƙo ya ji a ce 'yata mai digirin tsirrai tana kashe wake a gidanta."

"Inna, da gangan muke hana su."

Inna ta dubi 'yarta, ta dubi Malam Dogo. "Da gangan? Me suka yi muku?"

Dakta ta yi mata bayani a taƙaice. Tana yi, fuskar Inna na sauyawa. Malam Dogo kuwa ya kifa bokiti ya zauna a kai, karo na farko da ya zauna ba a ce masa ba.

"Malam, na ɓata maka aiki ke nan?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna. Alheri kika yi niyya. Allah ya saka."

Inna ta koma ciki. Da suka rage su biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Dakta, in muka bar su suka sake bushewa fa? Mu ci gaba da awo daga nan. Kwanakin nan sai mu tsallake su. Ba wanda zai sani."

"Sun sha ruwa daidai lokacin da suke fure, Malam. Lokacin da muke son gani ke nan, ya kuma wuce. In ka rubuta cewa irin nan na jure ƙishi, wani zai shuka shi a gonarsa saboda maganarka. Iri nawa ya rage maka?"

"Zai yi shuka ɗaya. Ɗaya tak."

"To gobe za mu shuka."

Ya yi lissafi da yatsu. "Awon ƙarshe zai faɗo a makon ƙarshe na hutu. Ga rubutu, ga gyaranki. In ba kya nan a makon nan, ba zan kai ba."

"Na sani," in ji Dakta.

Ranar ta koyar da darasin saiwa da jijiya, bakinta na aji, hankalinta na kan Auta. Da magariba, ana zaune a tebur, ta faɗa musu. Yaya ta ce, "Dama na sani," ta ci gaba da cin abincinta. Auta ta ajiye cokali.

"Kin yi alkawari, Mama."

"Na yi."

"Bara ma kin yi."

Inna ta ce, "Ni za ku yi wa fushi, ba uwarku ba. Ni na yi shisshigi."

"Kaka, ke fa ruwa kawai kika ba su," in ji Auta, idonta ya ciko.

Abban yara ya gama shan ruwa. Sannan ya ce, "Tsaya, Dakta. In an shuka gobe, yaushe ake fara azabtar da jajayen?"

"Sai sun tsiro sun yi ganye sosai. Kafin nan duka ruwa ake ba su su ƙoshi, ja da shuɗi."

"Wato farkon aikin ba ya bukatar mai digiri."

"Yana bukatar wanda ba zai yi fashi ba."

Inna ta gyara zama. "In dai ba da ruwa ne, ai kin ga aikina."

"To me zai hana mu yi tafiyar yanzu?" in ji Abban yara. "Tafkin ba ya duba kalanda. Zan roƙi abokin aikina mu yi musayar hutu. Ke kuma ki nemi mai riƙe miki ajinki."

Washegari aka wanke tukwane, aka zuba sabuwar ƙasa, aka shuka. Daga nan Dakta ta ƙwanƙwasa ƙofar malamin ofishin da ke kusa da nata, mutumin da suka shekara goma suna aron abin rubutun allo a tsakaninsu. Ta fara dogon bayani, ya ɗaga hannu.

"Mako ɗaya? Zan riƙe. Amma in sun yi jarrabawa, ke za ki duba takardun ajina."

"Rubutun 'yan ajinka kamar tafiyar tururuwa."

"Shi ya sa na ce ke."

Suka tafi. Kwamfuta ta kwana a kan tebur kamar yadda aka yi sharaɗi. Waya ce aka manta ba a sa a yarjejeniya ba, Malam Dogo kuwa kullum sai ya turo hoton tsiro. Rana ta biyu Auta ta karɓe wayar ta ba Gwaggo, yayar Abban yara, ajiya. Dakta ta zauna a bakin tafki ba abin karantawa, hannunta na ta neman biro. Daga baya ta haƙura. Ta koya wa Yaya sunan ciyayin bakin ruwa har Yaya ta ce, "Mama, hutu muke." Ta yi barcin rana, abin da ta manta ɗanɗanonsa.

Da suka dawo, rumfar ta yi kore. Inna da Malam Dogo sun zama abokai. Ya koya mata karanta sikeli, ita kuma ta san sunan duk 'ya'yansa da wanda ke fama da haƙori.

Sai lokacin ƙishi ya zo. Dakta ta sami Inna ta ce, "Daga gobe fa, Inna."

"Na ji. Ba sai kin maimaita ba."

Inna ta saba zama a baranda tana kallon rumfa. Ranar da ganyen jajayen ya fara langaɓewa, ta sa Yaya ta juya mata kujera ta fuskanci katanga. Ta ce idonta ba zai iya ba. Amma kunnenta na rumfar. Wata maƙwabciya ta shigo, ta ce, "Ayya, waɗannan ba a ba su ruwa ne?" Tun kafin ta rufe baki Inna ta ce, "Kada ki kusance su. Bincike ne." Abban yara ya ce bai taɓa ganin mai laifi ya zama ɗan sanda da sauri haka ba.

Makon ƙarshe gidan ya koma ofis. Malam Dogo na awo a rumfa, Dakta na teburin cin abinci da jan biro, takardun 'yan ajin maƙwabcinta a gefe guda, babin Malam Dogo a gefe guda. Abban yara ya karɓi girki, yara suka ci abin da ya samu ba ƙorafi mai yawa. Iri biyu suka tsaya da ƙafarsu cikin ƙishin, sauran suka zube. Ana jibi komawa makaranta Malam Dogo ya kai kundinsa sashe, aka karɓa. Saura ya zo ya kare shi a gaban malamai, wannan kuwa yana iya yi yana koyarwa.

Da la'asar ya dawo kwashe tukwane. Ya tsaya gaban Dakta yana neman abin faɗa, ta ce, "Je ka gode wa masu gidan, ni aikina na yi." Ya gode wa Abban yara, ya gode wa Auta, wadda ta ce ta yafe wa waken. Dakta na tsaye a ƙofar kicin tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, tana tunanin yawan mutanen da suka matsa gefe kafin kundi ɗaya ya kammalu.

Sai ga Inna ta fito, buta cike a hannunta.

"Malam, an gama awon?"

"An gama, Inna."

"Ba sauran rubutu? Ba sauran sikeli?"

"Babu."

Ta dubi 'yarta. "Dakta, kin ba da izini?"

Inna ba ta taɓa kiranta Dakta ba sai ranar. Dakta ta yi dariya ta ce, "Na bayar."

Inna ta nufi layin masu jan baki, ta fara daga wadda ta fi bushewa. Ƙasar ta yi ta tsotse ruwan da ƙara, ita kuwa tana cewa, "Sha, sha. Kun yi haƙuri." Malam Dogo ya ajiye tukunyar da ya ɗauka, ya tafi cika mata bokiti.