Eduvina Ta Ce Tana Zuwa

Duk tsibirin Chiloé babu mai kula da murhu kamar Eduvina Barría. Ko rijiya za ta je sai ta kashe wuta tas, ta taɓa toka da hannu. Mutane na yi mata dariya, ni kuwa ban taɓa yi ba, don na san dalili.

Wata ranar Lahadi a shekarar 1960, da rana tsaka, ƙasa ta girgiza har shanu suka durƙusa. Mutanen ƙauyenta masunta ne, sun yarda da ruwa fiye da tudu, sai kowa ya ruga kwale-kwalensa. Ita da bakinta ta ce wa mijinta Belarmino ya ɗauki 'yarsu Ilda su shiga nasu.

"Ke fa, tsohuwa?" Haka yake tsokanarta, tana da shekara ashirin da shida.

"Na bar wuta, gidan katako ne. Ku tafi, ina zuwa."

Tana can saman gangare tana watsa wa garwashi ruwa teku ya ja baya, shiru, har ta hango kwale-kwalen zaune a kan laka. Sannan ya dawo, ya haɗiye su duka. Ko filafilin tuƙi ba a tsinta ba.

Ƙasar ma ta nutse. Gonar dankalinsu ta koma ƙarƙashin ruwa, matattun itatuwa na tsaye a ciki har yau. In ruwa ya janye mata kan shiga tsintar katantanwa, amma Eduvina sai dai ta tsaya daga baki. Takan ce tana jin ana buga filafili, alhali babu jirgi ko ɗaya. Ba ta sake aure ba, tana saƙa safar ulu tana sayarwa, kuma kullum abin na cin ta.

Ta haura tamanin wata girgizar ta zo, da hantsi. Yanzu kowa ya yi hankali, tudu ake gudu. Maƙwabciyarta Orfelina ta leƙo tana haki.

"Inna, ki taso mu hau, ki bar murhun nan haka."

"Je ki, 'yar nan. Na gama."

Ta taɓa toka, ta ji sanyi. Ta yafa mayafinta, ta jawo ƙofa. Daga kan tudu Orfelina ta hango ta tana gangarawa da sandarta, ruwa kuwa ya fara ja baya.

"Inna, ba nan ba ce hanya!"

Eduvina ba ta tsaya ba, ta dai ɗan waiwayo.

"Na ce musu ina zuwa."