Fiyus a Bayan Allo

Shekara talatin da ɗaya Mai Waya ya yi yana kwanciya rigingine a ƙarƙashin allon na'urori na ƙananan jiragen sama, ƙafafu kan kujerar matuƙi, tocila a baki. Gajere ne, ga kafiyar tsiya, hancinsa kuwa yana jin ƙaurin waya tun kafin ta yi hayaƙi. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: jirgin da ya bi ta hannunsa bai taɓa kamawa da wuta ba, sai kuma 'yarsa Auta, wadda ta zama matuƙiya.

Ranar da aka ba shi jirgin da take tuƙawa ya sabunta wayoyinsa, rigima ta tashi. Matuƙan jirgi bireka suke so: wuta ta yi yawa ya fito, ka danna da yatsa, aiki ya ci gaba. Fiyus kuwa in ya ƙone, sai an sauka ƙasa. Mai Waya ya jera bireka ko'ina, ban da layin fankar ɗumama jirgi, wanda ya bi ta gefen bututun mai. Nan ya sa fiyus, ya cusa shi can bayan allo inda hannu ba ya kaiwa.

"Haba Baba, wannan ai kayan zamanin kakanni ne!" in ji Auta.

"Ke da na goya? Tun kina rarrafe, in rediyo ya ƙi, sai kin danna maɓalli sau goma. Wannan layin ban yarda a matsa masa ba."

Kwana biyu ba ta gaishe shi da fara'a ba. Ko a jikinsa.

Wata takwas bayan nan fankar ta mutu Auta na can sama, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Yatsarta ta yi ta laluben allo, babu abin dannawa. Ta sauka tana karkarwa, tana masifa tun daga bakin rumfar jirage.

Mai Waya ya kwanta ya buɗe bayan allon, ya kira ta ya haska mata. Rigar wayar ta goge, ga baƙin tabo a jikin bututun mai, daidai inda wuta ta taɓa sau ɗaya tak.

Auta ta daɗe tana kallo. "Da bireka ne da na danna, Baba. Wallahi da na danna."

"Na sani," ya ce. Ya zaro ƙonannen fiyus ɗin, ya sa mata a tafin hannu.