Gishirin Miyar Ishiyaku

A Tarai, idan aka ambaci Ishiyaku, ba a cewa manomin dawa, ko da yake ya yi shekara arba'in yana nomanta, kuma bazara ba ta taɓa riskar rumbunsa a fanko ba. Cewa ake yi, “Wanda ya tuƙa tuwo?” Sai a ce shi. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta cika wuce amsa sallama da “to” ba. Ya auri Kulu 'yar Rurum Tsohon Gari, suka yi shekara ashirin da shida tare, suka aurar da 'yarsu tilo can wajen Zariya. Duk tsawon zaman nan babu wanda ya taɓa jin ya kira sunanta. “Ke” yake cewa, ita kuma ta ce “Malam”.

A kakar da aka samu mulkin kai, ana cikin cirar gyaɗa, Kulu ta ji wani ƙululu a nononta na hagu. Ta ɓoye shi wata biyar. Da ya ƙi ɓoyuwa aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi shafe-shafe, aka sha rubutu. Da ya fashe, Ishiyaku ya ɗora ta a jaki ya kai ta ɗan asibitin Rano. Malamin asibitin ya duba, ya rubuta takarda zuwa Kano. A can likita ya ce ciwon daji ne, sai an cire nonon, kuma ba za a taɓa ta ba sai mijinta ya dangwala yatsa. Ishiyaku ya dubi babban yatsansa kamar yau ya fara ganinsa, ya dangwala.

Da farkon damina suka dawo gida da sharaɗi biyu: duk Alhamis a kai ta Rano a wanke ciwon a yi mata allura, bayan kaka kuma a mayar da ita Kano likita ya sake dubawa.

Sai Kulu ta daina cin abinci. Ba gardama take yi ba. A kawo akushi, ta ce an gode, ta juya fuska bango. Ƙanwar Ishiyaku ta zo jinya, ta yi kwana tara, ta koma gidanta tana cewa ita ba ta bar 'ya'yanta don ta yi wa kaji girki ba.

Labari ya kai Rurum. Ramalan, yayan Kulu, wanda shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, ya zo da kansa. Ya shiga ya ga ƙanwarsa, ya fito ya zauna a zaure bai ko karkaɗe tabarma ba.

“Malam Ishiyaku, an ce kai ka dangwala.”

“Ni ne.”

“Da wane yatsa?”

Ishiyaku ya nuna masa.

“To, ka adana shi. Wa bai san ba a taɓa daji da ƙarfe ba? Kun sa masa wuƙa, yanzu kuma duk mako kuna tsokanarsa da allura. Ga ta nan ta koma kamar karan dawa. Mu a gidanmu mace ba ta jinya a hannun miji muna raye.”

“To.”

“Ba to ba. Juma'a ta uku daga yau zan zo da jaki. In na tarar tana ci, na bar ta. In ba ta ci, Rurum za ta, kuma ita da allura har abada.”

Ramalan ba mugu ba ne. Shi ya goyi Kulu tana ƙarama, kuma abin da ya faɗa shi rabin garin suka yi imani da shi. Kulu tana kwance ta ji komai ta bayan zana, ita kuwa ba ta taɓa musu da yayanta ba tun da take. Amma su ukun duk sun san in ta hau jakin nan babu sauran Rano ranar Alhamis, babu Kano bayan kaka.

Washegari da hantsi Ishiyaku ya dawo daga gona, ya ja tabarmar Kulu zuwa bakin ƙofar ɗaki, daidai inda za ta riƙa hangen murhu. Ya hura wuta da jiƙaƙƙen kara, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Ya ɗora tukunya a karkace. Ruwa bai tafasa ba ya juye gari a ciki gaba ɗaya.

“Malam, me kake yi?” Kwana goma ke nan rabon da ta haɗa kalma huɗu.

“Tuwo.”

“Na mutane, ko na yaɓen katanga?”

Ya ɗauki muciya ya riƙe ta kamar fartanya. Kulu ta jingina da bango ta soma ba da umarni da 'yar muryar da ta rage mata: a fara talge, a bari ya nuna, a rage wuta, ba haka ake juyawa ba, wayyo tukunyata. Da aka zo kan miya, ya kaɗa kuka, ya ɗebo a ludayi ya kawo mata.

“Ɗanɗana ki ji.”

“Ba na jin cin komai.”

“Ban ce ki ci ba. Ɗanɗanawa na ce.”

Ta kurɓa. “Lami. Ƙara gishiri.”

Ya tsinci ƙwaya kamar uku ya jefa, ya sake kawo ludayi. Ta kurɓa, ta ce ƙara. Sai da aka yi ludayi shida kafin ta ce ya rabu da ita haka nan. Sannan ya gutsuro tuwo ya ce ta duba masa ko akwai gudaji. Akwai. Ya gutsuro daga wani gefen ya ce nan fa? Nan ma akwai.

Haka rayuwar gidan ta koma. Da asuba yana gona. Da hantsi yana bakin rijiya da zannuwan Kulu da tsummokaran ciwo, mata suna matsa masa wuri suna danne dariya. Surfe da daka maƙwabta ke taya shi, amma murhu bai yarda kowa ya taɓa ba. Ranar Alhamis ya naɗe bargo a bayan jaki, ya ɗora ta, ya sa mata malafarsa, ya kama igiya har Rano. Yana jira a gindin bishiya a wanke ciwon, a yi allurar, su juyo tana amai a hanya yana tsayar da jaki yana kallon gonakin mutane kamar shi aka aiko duba su.

Fanta, Bafillatanar da ke kawo musu nono, ta daina sallama irin ta da. Daga ƙofar gida take kwaɗa kira.

“Uwargida! A fito a karɓi nono!”

Ishiyaku ya fito da ƙwarya, hannunsa duk gari.

“Kai, Kaɗo, in ka gama da wannan gidan ka biyo ni ruga. Mijina ma yana neman mai girki.”

“Ya fara sakinki tukuna.”

Ita ce magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa a makon.

A majalisar gindin tsamiya an kasu uku. Wasu suka ce Kulu ta shanye shi tun tana da lafiya. Wasu suka ce rowa ce, ba ya son wata mace ta san zurfin rumbunsa. Wasu kuma suka ce yatsan nan ne yake hana shi zama. Na ukun ba su yi nisa da gaskiya ba kamar yadda mai son Ishiyaku zai so. In Kulu ta mutu a Rurum, za a ce dangwalensa ne ya kashe ta, kuma ba shi da bakin kare kansa. Mutum yana iya son matarsa, yana kuma son a ce shi ne mai gaskiya, ya kasa gane wanne daga ciki ne yake tashinsa da asuba. Ishiyaku bai taɓa zama ya rarrabe su ba. Yana da wanki.

Abin da majalisa ba ta lura da shi ba, bai taɓa ɓata girki iri ɗaya sau biyu ba. Yau miya ta tsinke, gobe daddawa ta yi kaɗan, jibi kuɓewa ba ta yi yauƙi ba. Kuma kowace ɓarna irin wadda ake iya gyarawa ce da kaɗan-kaɗan, ludayi bayan ludayi. Wanda bai iya girki ba ba ya iya wannan. Shekara goma sha tara kafin nan, lokacin babban yaƙin Turawa, an kwashi magidanta zuwa haƙar kuza ta dole a ƙasar Jos, har da Ishiyaku. Shugaban leburori ya ga ba shi da ƙirjin ɗaukar kwano, ya tura shi madafa. Wata huɗu yana tuƙa wa ƙarti arba'in tuwo safe da yamma, har suna faɗa a kan ƙanzonsa. Da ya dawo Tarai ya ce haƙa ya yi.

Juma'a ta uku, da hantsi, Ramalan ya iso da jaki, an ɗaura masa matashi mai laushi a baya. Ishiyaku yana tsakiyar kaɗa miya ya ji sallama. Hannunsa ya manta da ƙarya, ya ɗebi gishiri daidai yadda ya kamata ya zuba. Ya fita suka gaisa, ya ɗaure jakin baƙo, ya dawo ransa a wani wuri, ya sake ɗebowa ya zuba. Sai da ya lasa ya gane. Miyar ta yi zartsi har tana yankan harshe, ga shi ita ce ƙarshen kukar da ke gidan, ga Ramalan ya riga ya shigo ya zauna a kan turmi yana kallo.

Babu yadda zai yi. Ya ɗebo ludayi ya miƙa wa Kulu kamar kullum, yana jiran ta tofar a gaban yayanta.

Ta kurɓa. Fuskarta ba ta motsa ba.

“Lami. Ƙara gishiri.”

Ishiyaku ya tsaya da ludayi a hannu. Ya dube ta, ta dubi tukunya. Ya tuna duk ranakun da ta ce lami, da ranakun da ta ce ya isa, ya ga ashe babu ɗaya da ta dogara da abin da ke cikin tukunyar. Ya juya, ya tsinci ƙwaya uku, ya jefa.

Ya zuba wa baƙo a akushi, ya zuba mata a ƙoƙo. Kulu ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta kai loma. Ta kai ta biyu. Tana ci a hankali, tana haɗiyewa da ƙyar, har loma bakwai. Ramalan ya ga haka ya kai tasa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya daɗe da ita a baki yana neman inda zai kai ta, ya haɗiye don mutunci, ya nemi buta.

“Kulu, wannan kike ci kullum?”

“Yau ma ya gyara hannu, Yaya.”

Ramalan ya dubi ƙanwarsa, ya dubi ƙoƙon da ya kusa rabi, ya dubi surukinsa tun daga hula har ƙafa.

“Malam Ishiyaku, wuƙa ba ta kashe ta ba. Allura ba ta kashe ta ba. Girkinka ma bai kashe ta ba. Ni ban ga abin da zan ƙara mata a Rurum ba.”

“To.”

Ya ce yana so ya riski Juma'a a hanya, ba zai tsaya ƙarasa tuwon ba. A ƙofar gida ya kwance matashin da ke bayan jakinsa ya jefa wa Ishiyaku.

“Bargon nan naka kamar buhu yake. Ku riƙa sa mata wannan ranar Alhamis.”

Da Ishiyaku ya koma ciki ya tarar ta shanye ƙwarya guda ta ruwa tana neman ƙari. Ya kawo mata, ya tsuguna yana kankare tukunya, bayansa gare ta.

“Ke. Tun yaushe?”

“Tun allura ta biyu. Komai na sa a baki kamar na tsotsi ƙusa.”

“To me kike ɗanɗanawa?”

“Kai tun yaushe ka iya girki?”

Ya ci gaba da kankara.

“Malam, ran farko na gane. Ka riƙe muciya kamar fartanya, amma ka danne tukunya da ƙafa ba tare da ka duba ba. Wannan sai wanda ya daɗe a bakin murhu.” Ta numfasa. “Shekara nawa ka bar ni ina tuƙi ni kaɗai? Har shekarar da na karye a hannu, kana zaune a zaure kana tambaya ko an sauke.”

“Ba ki tambaye ni ba.”

“Allah ya isa tsakanina da kai.”

“To.”

Ta gyara sabon matashin a bayanta, ta ce ya fi bargon.

An kai ta Kano bayan kaka kamar yadda likita ya ce. Ta ga damina uku bayan wannan, biyu daga ciki ita ke tuƙa tuwonta da hannun dama, shi kuma ya koma zaure yana tambaya ko an sauke. A ta ukun ciwon ya dawo, Ishiyaku ya sake shiga madafa, majalisa ba ta ko ɗaga kai ba. Bayan rasuwarta ba a ƙara ganinsa da muciya ba.

Amma washegarin tafiyar Ramalan, ya aro kuka a maƙwabta, ya kaɗa miya, bai sa mata gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ɗebo a ludayi ya kawo.

“Ɗanɗana ki ji.”

Kulu ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta yi nazari.

“Ya yi yawa. Ƙara ruwa ka kawo in ji.”