Ranar da Kallamu Ya Sha Ruwa

Ni da Kallamu taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yara a Nguru babu abin da ba na gaya masa. Ina kiransa bawana, yana kirana malalacin gidan kawu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce na tona masa asiri. Shi da bakinsa ya ce in ba da labarin, wai ko wani mai taurin kai irinsa zai ji ya hankalta.

Kallamu bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi ido a kan lodi. Ya fara da ɗora buhunan gyaɗa a tashar Nguru, ya koma Kantin Kwari a Kano yana ɗaure diloli, daga nan Ikko. Idan ya kalli tulin kaya sau ɗaya zai gaya maka ko za su shiga kwantena ko za su yi saura, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba. Wannan ido ne ya kawo shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin a shekarar 2003. Wani ɗan Sin mai kamfanin tura kaya, wanda kowa ke kira Lawban, wato maigida a yarensu, shi ya yi masa takardun aiki, domin 'yan kasuwarmu ba sa yarda kowa ya loda musu kaya in ba Kallamu ba. Ni na biyo shi bayan shekara guda, ina raka baƙi sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu ana ba ni la'ada. Ɗaki ɗaya muka kama a wani lungu bayan benen Tianxiu.

A shekarar 2005, a wani sito da ke kan hanyar tashar jiragen ruwa ta Nansha, motar ɗaga kaya ta saki kwalayen tayil a gadon bayansa. Wata huɗu ya yi a asibiti. Ya fito da ƙarfe a cikin ƙashin baya, da sanda a hannu, da wata lalura wadda daga likita sai ni muka sani: fitsari ba ya riƙe masa. Mutumin da ya aurar da 'ya, ya koma ɗaura ƙunzugu. Ni nake zuwa kantin magani in sayo masa irin na manya, in naɗe a baƙar leda kamar na sato. Ranar farko da na kawo ya sa na ɗora hannu a kan Alƙur'ani cewa ba zan gaya wa kowa ba.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne Lawban ya yi wa ma'aikatansa inshora. Duk wata kamfanin inshorar yana turo kuɗin nakasa, da su ake sayen magani da ƙunzugun, a biya ɗaki, a tura wa iyalinsa na hatsi. Da takardarsu kuma ake sabunta masa bizar jinya. In kuɗin nan suka tsaya, magani ya tsaya, biza ta mutu, sai dai a saka shi a jirgi ya je ya kwanta a gaban matarsa da 'ya'yansa cikin wannan hali. Shi kuwa ya sha gaya mini gara kabari a ƙasar Sin.

To, ana nan a farkon 2008 sai takarda ta zo, wai za a sake duba shi a ga ko ya warke, kuma ya zo da tafinta mai cikakkun takardu. Kallamu ba ya jin yaren Sin in ban da "nihau" da "meyo", wato sannu da babu. Turancinsa kuwa na ƙirga kwali ne. Wanda yake kusa, mai jin yaren kamar ɗan gari, shi ne Zulkarnain, magidanci mai karatun injiniya a wata jami'a a nan. Kuma Zulkarnain shi ne mijin Hauwa'u, 'yar farin Kallamu, wadda ko sunanta ba ya iya faɗa sai dai ya ce "yarinyar nan".

Ni ranar ina Zhanxi Lu da wasu baƙi 'yan Damagaram, ban raka su ba. Wallahi har gobe ina cizon yatsa. Ashe tun jajibere Kallamu ya daina shan ruwa don kada a samu matsala a hanya. Da safe ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo har uku, ya yi wanka, ya fito da farar shaddarsa ta Juma'a, ya kafa hula. Da suka isa ƙofar likita ya jingine sandarsa a waje, don kada surukinsa ya ga yana dogarawa. Likita ya ce ya sunkuya, ya cije ya sunkuya. Ya ce ya tsuguna, ya tsuguna. Ya ce ya tuɓe riga, Kallamu ya ce ba buƙata. Da likita ya duba tsohon fayil ya tambayi zancen fitsari, sai Zulkarnain ya sunkuyar da kai, gumi ya karyo masa, ya ce, "Baba, wai… yaya sauran lalurori?" Kallamu ya kalli bango ya ce, "Babu komai." Ɗaya ya kasa tambaya, ɗaya ya kasa amsawa, likita ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Da ya dawo kwana uku bai iya juyawa a katifa ba, ni nake ɗaga shi. Bayan sati uku takarda ta zo da jan hatimi: ya warke, zai iya aiki, an dakatar da kuɗi. In yana da ja, yana da kwana goma sha biyar ya ɗaukaka ƙara.

Ranar na zage shi zagin da ban taɓa yi masa ba, kuma ba na wasa ba.

"Kai wane irin mutum ne? An ce ka je a ga ciwonka, ka tafi kamar mai zuwa ɗaurin aure! Wa ka burge?"

Ya ce, "A gaban mijin yarinyar nan kake so in tuɓe, Badamasi?"

"To ga shi nan, ka ci kunyar, ka sha ta da safe da yamma a madadin magani!"

Ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukan Kallamu ba ko ranar da muka binne uwarsa, sai na ji duk na tsani kaina.

Muka shiga neman wani tafintan, amma mun zo a mugun lokaci. Shekarar wasannin Olamfik ce, an tsananta biza, 'yan sanda suna tare baƙar fata a unguwar Xiaobei suna duba fasfo. Ma'azu, wani ɗan zangon Kumasi mai tura kaya wanda ya iya yaren sosai, ya ce zai yi mana, sai ya fita sabunta biza aka hana shi dawowa. Ɗalibai biyu da na samu suka ce ba za su sa hannu a takardar rigima ba, suna tsoron makaranta. Ni kuwa bizata ta mutu wata biyar, ko sunana ba na so a rubuta. Na je wurin Lawban har sau uku, ya ba ni shayi, ya buɗe tafin hannu ya ce, "Meyo, meyo," wai ba shi da ta cewa a kan 'yan inshora. Kwana goma sha ɗaya suka tafi a haka. Maganin ya ƙare, ƙunzugu ya ƙare, na koma yayyaga tsofaffin zannuwan gado ina wankewa ina shanyawa a banɗaki don kada maƙwabta su gani.

Zulkarnain kullum sai ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe mu. Ya rame, domin ya gane akwai laifinsa a ciki ko da bai san girman abin ba. Shi ya rubuta takardar ƙara ya kai ana saura kwana biyu, ya rubuta ciwon baya da sanda, iyakar abin da ya sani ke nan. Na so in ja shi gefe in fasa masa ƙwan, sai in tuna hannuna a kan Alƙur'ani. Na roƙi Kallamu ya warware mini rantsuwar, na durƙusa masa, ni da nake kiransa bawa. Ya ce a'a.

Aka sa mana ranar Talata da ƙarfe goma, gaban likitoci uku. Ranar Litinin na lura bai taɓa butar shayi ba tun azahar. Na ce shi ke nan, zai sake maimaitawa, mun mutu. Da gari ya waye ya ce in ɗauko masa farar shaddar nan. Na ɗauko na wurga masa, raina a ɓace. Na miƙa masa tsumman da na wanke, ya kalle shi ya ce, "Ajiye." Na ɗauka ban ji daidai ba. Sai ya ce, "Badamasi, ba ni ruwa."

Na cika masa kofi, ya shanye. Ya miƙo, na ƙara. Sai da ya sha huɗu, yana haɗiya kamar mai shan maɗaci, idonsa a rufe. A nan na gane abin da ya ƙulla.

Na ce, "Kallamu, ai faɗa da baki ya fi wannan sauƙi."

Ya ce, "Bakin ba zai buɗu ba. Na gwada ni kaɗai, ya ƙi."

Muka ɗauki tasi mu uku, Zulkarnain a gaba, tun da ba mu samu wani tafinta ba. Mai riƙe majinyaci ba a tambayarsa fasfo, don haka na shiga da shi har ciki. Wannan karon bai ajiye sandar ba. Likitocin suna zaune a bayan dogon tebur, biyu maza, ta tsakiya mace mai furfura da tabarau. Suka fara tambaya, Zulkarnain yana fassarawa. Me ya sa wancan karon ya sunkuya lafiya? Ya sha ƙwaya. Me ya sa ya ce babu komai? Kallamu ya kawar da kai. Ɗaya likitan ya yi wata magana yana murmushi, Zulkarnain ya ƙi fassarawa, daga baya ya ce mini cewa ya yi duk wanda aka yanke wa kuɗi sai ciwonsa ya dawo. Matar ta buɗe fayil, ta sa yatsa a kan wani layi ta yi tambaya. Na ga wuyan Zulkarnain ya sake sunkuyawa, bakinsa yana motsi ba sauti. Na ce a raina, ya Allah, ga ramin jiya za mu sake faɗawa.

Sai Kallamu ya ce, "Tashe ni."

Na kama shi ya miƙe. Ya dogara sandarsa, ya tsaya a tsakiyar ɗakin nan mai farin tayil, ya kafe silin da ido. Yunƙurin tashin kaɗai ya isa. Farar shadda ba ta ɓoye komai. Abin ya bi wandon ya sauka har cikin takalminsa, ya kwanta a ƙasa, kowa yana ji yana gani. Likitan mai murmushi ya ajiye bironsa. Ni dai hawaye nake, ina riƙe da gwiwar hannunsa.

Zulkarnain ya miƙe, ya cire babbar rigarsa, ya zo ta baya ya yafa wa surukinsa, fuskarsa a kauce. Sannan ya juya wa Kallamu baya, ya fuskanci likitocin, ya yi ta magana da yarensu da ƙarfi, muryarsa tana fashewa. Ban san me ya ce ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Matar ta sa aka fitar da kowa sai ni, aka kwantar da Kallamu aka duba shi yadda ya kamata a yi tun farko.

Muka kamo hanya a tasi, har muka kusa gida. Kallamu ya ce, ba tare da ya kalli gaba ba, "Kada yarinyar nan ta ji."

Zulkarnain ya ce, "Baba, ni ban ga komai ba."

Wata guda muka yi muna jira. Kallamu ya daina amsa tsokanata, in na ce bawana sai ya ce na'am, abin da ya fi zagi yi mini ciwo. In ya ji takun Zulkarnain a matakala sai ya ja bargo ya rufe kai, ni in fita in ce yana barci.

Ranar da takardar ta zo, babu mai karanta ta sai Zulkarnain ɗin dai. Ya tsaya a waje, ƙofa a sakaye, ya karanto mana. An soke hukuncin farko, an mayar da kuɗin, har da na watannin da aka riƙe. Na yi kabbara, na rungume Kallamu har ya yi ƙara. Amma na ji Zulkarnain bai tafi ba.

Na ce, "Akwai saura ne?"

Ya ce, "Layi ɗaya ne, Kawu. Sun ce za a riƙa sake duba shi duk shekara."

Kallamu ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya ce, "Badamasi, ina farar shaddar nan?"

Na ce tana cikin leda a ƙarƙashin gado, na yi niyyar zubar da ita.

Ya ce, "A'a. Wanke ta ka goge, ka ajiye mini."