Ladanai Biyu a Masallacin Unguwarmu

Komai tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da rikicin ladanai biyu da aka yi a masallacin unguwarmu a Batsari.

A shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan bayan Runka ne. Jama'a suka yi ta kwararowa gari, kowane gida ya karɓi waɗanda zai iya. Ni na sauki wani dattijo da muke kira Baba, aminin marigayi mahaifina, da iyalinsa. Tuwo bai yanke musu ba, amma kullum Baba yana zaune zugum a zaure, sai ramewa yake yi. Na ɗauka miyar gidana ce ba ta karɓe shi ba. Ashe shi ne ladanin ƙauyensu tun kafin a haife ni.

Wata ranar kasuwa ladaninmu ya shagala da cinikin akuya har azahar ta yi. Baba ya miƙe, ya kunna lasifika, ya rangaɗa kira. Murya ce ta wanda ya saba kiran manoma daga gona. Har kajin maƙwabta sai da suka watse. Sai ga ladan yana haki, da igiyar akuya a hannu: "Wa ya taɓa mini na'ura?"

Washegari ladan ya zo da wuri. Wanshekare Baba ya riga shi. Haka suka yi ta rige-rige, lokaci yana ta ja da baya, har ranar da matata ta ji kiran azahar tana wanke kwanukan koko. Daga nan ladan ya koma tafiya gida da makirufo a aljihu. Baba kuwa ya hau tulin bulo, ya toshe kunnuwa, ya saki murya. Wallahi ta fi lasifikar kaiwa nesa.

Liman ya tara mu, har da ni mai masauki. Ladan ya ce, "Allah gafarta Malam, mun ba su abinci, mun ba su makwanci, yanzu kuma har da kiran sallar?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarka. Amma shanuna sun tafi, rumbuna ya ƙone. Muryar nan kaɗai na tsira da ita. In na ajiye ta, me ya rage mini?"

Can ladan ya zaro makirufon ya miƙa masa, yana harare-harare. "To, riƙe azahar da la'asar. Dama su ke hana ni kasuwa."

Har liman sai da ya yi dariya. Kafin damina ta fita, Baba ya mayar da jikinsa.

Ranar na gane cewa wanda aka raba da garinsa ba tuwo da tabarma kaɗai yake nema ba. Yana son a matsa masa wuri ya ci gaba da zama mutumin da yake a da.